Karen Bai Gudu Ba

Da sunan Allah nake buɗe bakina. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, shi ya sa na zaunar da 'yar maƙwabtanmu da biro da takarda, ina faɗa tana rubutawa. Na ce mata in kuka ya zo mini ta jira ni, kuma kada ta gyara mini magana.

Shekarar da aka yi gudu, abu biyu suka same ni a wata ɗaya. Ɗana, shi kaɗai Allah ya bar mini, tela ne a wani gari can arewacin jiharmu, gindin duwatsu. Mutanen daji suka shiga garin ranar kasuwa. Shi da matarsa, har yau ba wanda ya nuna mini kabarinsu. Da labarin ya iso gidanmu a unguwar Limawa cikin Jimeta, Malam mijina yana zaure yana cin tuwo. Ya ajiye lomar, ya shiga ɗaki ya kwanta. Kwana tara ya yi aka kai shi makwancinsa. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ado, ba fita ko ƙofar gida.

Ina cikin sati na uku aka yi sallama da hantsi. Wata mata ce, ƙafafunta a kumbure, ta naɗe su da tsumma. Tana riƙe da hannun yarinya. Jikata ce, 'yar ɗana, mai shekara bakwai, wadda aka sa wa sunana nake ce mata takwara. Matar nan maƙwabciyar ɗana ce a can, ta san uban telan malami ne a Limawa, da tambaya ta iso. A bayansu kuma ga kare, ja, ramamme, kunnensa na hagu a yage.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Dada, ba nawa ba ne. Na wani manomi ne a bayan gari. A bakin rafi na tsinci yarinyar, yana zaune kusa da ita. Kwana biyar muna tafiya a ƙasa, mun jefe shi ya ƙi komawa. Da muka sami babbar mota direba ya ce ba ya ɗaukar kare, sai ta sauka ta zauna a ƙasa. Dole aka jefa shi kan buhuna." Ta sha ruwa, sannan ta ƙara da cewa, "Tun ranar ban ji muryarta ba."

Wannan yarinya da in suka zo Sallah sai Malam ya toshe kunne don surutunta, ita ce yanzu ko uffan. Na yi mata Fulatanci, na yi mata Hausa, na yi mata waƙar da nake yi wa ubanta yana goye, sai dai ta kalli ƙasa. In na ba ta abinci ta raba biyu, ta nufi gindin mangwaron da ke bayan ɗakina, inda karen ya mayar wurin kwanansa.

Wata rana ina tsince shinkafa sai na ji raɗa. Na leƙa. Ta kama yagaggen kunnen nan, ta sa bakinta a ciki tana magana. Abin da na iya ji shi ne, "Baba ya ce mu jira a bakin rafi." Na matsa don in ƙara ji, tsintsiya ta faɗi, ta yi shiru. Daga nan na gane muryar tana nan, kare kawai ake ba wa. Kullum sai in laɓe da tire a hannu ina sauraren jikata kamar ɓarauniya.

Yaran unguwa kuwa sun sami abin yi. Su hau katanga suna, "Bebiya mai kare! Bebiya mai kare!" suna jifa da ƙwallon mangwaro. Shugabarsu 'yar Barebarin da ke jikin gidanmu ce, masu sayar da turaren wuta. Ita ce wannan da take rubuta mini yanzu. Ga ta nan ta sunkuyar da kai, na ce ta rubuta haka nan, ai ita ce.

Yayar Malam, wadda duk muke kira Goggo, tana zuwa daga unguwar Ajiya kowace Juma'a ta taya ni zama. Wata Juma'ar ta zaga bayan ɗaki za ta yi alwala, sai na ji salati. Takwara ta ɗauki kwanon Malam, wanda ya ajiye lomarsa ta ƙarshe a ciki, ta zuba wa karen kunu yana lasa.

"Kwanon ɗan'uwana! Ko arba'in bai cika ba, kare ya gaje shi?"

Na ce, "Goggo, yarinya ce, ba ta sani ba."

"Ke ma yarinya ce? Kawo ƙasa."

Ta tsaya a kaina na wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa, tana ƙirgawa da ƙarfi. Sannan ta zaunar da ni, ta sassauta murya, ita ma hawaye take yi. Ta ce, "Kina zaune kina roƙa wa mutum uku gafara, kin ajiye kare a gida. Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da yake. Addu'ar taki wa zai ɗauka?"

Maganar nan ta shige ni. Ɗana ba shi da kabarin da na sani, ban yi masa wanka ba, ban ba da likkafani ba. Addu'a ce kaɗai abin da nake iya aika masa. In ita ma tana tsayawa a ƙofar gida saboda kare, to me ya rage mini? Ya kamata in aika a tambayi Modibbo, limamin masallacinmu. Amma yadda aka tashe mu, mai takaba ba ta yawan aike wurin maza, kuma na ji kunyar a ce matar Malam ce take tambaya a kan kare.

Lokacin maharba suna taruwa a Jimeta da bindigoginsu na toka da layu, ana kwasarsu zuwa arewa su tare mutanen daji. Ɗan Goggo ya ce suna son karnuka. Ranar Talata da safe na haɗa takwara da matar maƙwabcinmu a kai ta asibiti a wanke mata gyambon ƙafa. Suna fita, ɗan Goggo ya shigo da wani maharbi da igiya.

Karen ya shige bayan randa ya ƙi fitowa. Suka yi, suka yi. Ni na tashi na gutsuro tuwo, na tsuguna, na kira shi da irin sautin da na ji takwara tana yi. Ban taɓa ba shi abinci da hannuna ba sai ranar. Ya fito yana kaɗa wutsiya. Yana cikin ci aka zura masa igiya. Ya kafe ƙafafunsa huɗu, suka ja shi tun daga tsakar gida har zaure, farcensa ya bar layi a ƙasa. Da suka tafi na ɗauki tsintsiya na share layin.

Da ta dawo ta wuce gindin mangwaro. Ta duba bayan randa, ta duba banɗaki, ta duba ƙarƙashin gadon Malam. Sannan ta zo ta tsaya a gabana, karo na farko ta kalli idona. Na ce, "Ya gudu, takwara. Kare ne, ya koma garinsu."

Kwana uku ba ta sa komai a baki ba sai ruwa. Raɗar ma ta ɗauke. Na yi ta jan carbi a gidan da babu kare, ina jin kamar na binne mutum na huɗu. Rana ta huɗu bayan azahar ta tashi ta fita. Na bi ta har bakin zaure na tsaya, don takabata da saura. Ƙafata ɗaya a kan dokin ƙofa, ina ganin bayanta tana ɗingishi. Sai ga 'yar Barebari a kan dakali tana cin gyaɗa.

Na ce, "Ke, bi ta."

"Dada, ai ba ta magana."

"Ba hira na ce ki yi da ita ba. Bin ta na ce."

Abin da ya faru a waje, daga bakin mai rubutun nan na ji shi. Ta bi ta a baya, wasu yara uku suka biyo su don ganin ƙwaf. Da suka gane kare take nema, sai suka shiga tambayar mutane. Suka isa wurin wani mahauci a bakin kasuwa.

"Baba, ka ga kare?"

"Wane irin kare? Garin nan karnuka sun fi awaki yawa."

Yaran suka kalli juna. Sati nawa suna jifansa, ba wanda ya tsaya ya dube shi. Ɗaya ya ce baƙi ne, ɗaya ya ce yana da dabbare-dabbare. Sai aka ji wata 'yar murya a dishe ta ce, "Ja ne. Kunnensa na hagu a yage. Ba ya cizo."

Wani yaro ya yi tsalle, "Bebiya ta yi magana!" 'Yar Barebari ta ɗaɗa masa duka a ƙeya ta ce, "Uwarka ce bebiya. Tana da suna."

Sati biyu suna nema. In an tashi daga makaranta sai su taru a ƙofar gidana. Sun je bakin Binuwai wurin masu wanki da masunta, sun je mahauta, sun kai har unguwar Demsawo suna leƙa gidajen masu karnuka ana korarsu. Dole ta riƙa yin magana, don ita kaɗai ta san shi. Kafin la'asar sakaliya su dawo ƙafa duk ƙura, uwar 'yar Barebari ta zuba musu burabusko a tire ɗaya. Can ta fara cin abinci. Ni kuwa kullum ina bakin zaure ina kallon yara biyar suna neman abin da na san ba ya garin. Sannu a hankali neman ya koma wasa. Wata rana na jiyo ta ta katanga suna 'yar carafke, tana gardama wai an yi mata zamba. Na zauna a ƙasa na yi kuka har ɗankwalina ya jiƙe.

Ni sai daga baya ta yi mini magana. Ina yi mata kitso, kanta a kan cinyata, sai ta ce, "Maama." Haka take kirana tun tana koyon magana. Hannuna ya tsaya. Ta ce, "Me nake yi musu ne? Baba ya ce in jira, bai zo ba. Inna ba ta zo ba. Shi ma ya tafi."

Nan ne ya kamata in faɗa mata. Na ji tsoro in na faɗa muryar za ta koma inda ta fito, ko ta bar ni da ita har abada. Na ce, "Juya kanki in kama wannan gefen." Abin da na ce ke nan.

Ranar da na fita takaba, gidan Modibbo na fara zuwa. Na ba shi labari ta bayan labule, matarsa tana zaune. Da na gama ya ce, "Dada, me ya hana ki aiko? Kare mai gadi ai an yarda a ajiye shi. Da an yi masa wuri a garkar baya. Kwano kuwa a wanke, shi ke nan. Marainiya ce fa." Na fito ban san ta inda na bi na iso gida ba. Na sa aka kira ɗan Goggo, na ce ya nemo mini maharbin. Bayan kwanaki ya dawo ya ce ya same shi. Wai tun ranar, ba su yi nisa da gadar Binuwai ba karen ya cinye igiyar, ya dira daga mota tana gudu, ya juyo ya nufo gari. Ba wanda ya ƙara ganinsa.

Yau fiye da shekara goma ke nan. Goggo ta rasu, na yafe mata, ita ma tsoro ne irin nawa. Takwara ta girma, tana karatun aikin jinya, ƙawaye har sai na ce su rage mini hayaniya. Amma ni na san abin da na bari a cikinta. Ba ta raka kowa tasha. In ƙawarta ta yi jinkirin zuwa, sai ta ce, "Na san ba za ta zo ba," tana dariya. Wani yaron kirki ya aiko neman aurenta, ta ce mini, "Maama, bari kawai, kowa tafiya yake yi." In an rage tuwo, takan ɗauka ta ajiye a bayan katanga ba ta ce don wa ba.

Sau uku ina zaunar da ita in faɗa, bakina ya ƙi. Idona ya fara tafiya, ƙafa ma haka. Shi ya sa na ce a rubuta, ƙawarta mai rubutun nan ta ba ta ranar Juma'a in ta dawo daga makaranta, ni kuma ina ɗaki ina jira.

Takwara, bai gudu ba. Ni na kira shi da tuwo, aka sa masa igiya, aka ja shi yana turjewa, na share sawunsa kafin ki dawo. Da ya sami hanya, wurinki ya nufo. Babanki ma da an bar shi, da ya zo bakin rafin. Ba abin da kika yi wa kowa. In kin karanta kina so ki shigo, ƙofata a buɗe take. In ba ki shigo ba, ba zan ga laifinki ba.