Jakar Toshe Rezo Ta Kai Ni Kaso

Ni tela ne, ɗan tela. A Matameye aka haife ni, kuma kafin abin da zan ba ku labari ya faru, ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa. Ina da kekena a wata rumfa bakin hanyar tasha, ina ɗinka riguna da jakunkunan 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ina da mata da 'ya'ya biyu. Aibina ɗaya: ina son sabon abu. In na ga na'urar da ban taɓa gani ba, jikina har rawa yake yi. Ƙannena matasa, ku saurara da kyau, don ta nan aka shigo mini.

Wata shekara ana dab da damina, abokina Sallau ya dawo daga cirani a Kano. Ya zo rumfata yana murmushi, ya zaro wata 'yar baƙar jaka wadda ba ta fi tafin hannu ba sosai. Cikinta wani yadi ne mai ƙyalli kamar azurfa.

Ya ce, "Ba ni wayarka." Ya jefa ta ciki, ya naɗe bakin jakar sau biyu, ya miƙo mini tasa. "To, kira lambarka."

Na kira. Shiru! Sai muryar matar nan da ke cewa ba a samun layin. Ya buɗe jakar, na sake kira, sai ga ƙara. Wallahi tsalle na yi har na ture almakashi. Mun maimaita ya fi sau goma, ina ta dariya kamar wanda aka yi wa albishir.

Na ce, "Sallau, tsafi ne wannan?"

Ya ce ba tsafi ba ne, zaren ƙarfe aka saƙa a cikin yadin, rezo, wato layin waya, ba ya shiga, ba ya fita. Manyan 'yan kasuwa ke sa wayoyinsu da makullan motocinsu a ciki don kada a bi sawunsu ko a kwashe musu sirri. Ya kuma zo da bandir ɗin yadin, yana so in riƙa ɗinkawa.

Kafin la'asar na ɗinka ta farko, ta kuma yi aiki. Ban taɓa jin daɗin ɗinki kamar na ran nan ba. Alhazai biyu suka saya, wani malamin lakwal ma ya sa na yi masa babba don tara wayoyin ɗalibai ranar jarrabawa. Har nan komai halal ne.

Bayan 'yan makonni Sallau ya kawo mini jaka uku, kowace da waya a ciki. Ya ce in ajiye masa ƙarƙashin keke. Na ce na wa ne? Ya ce, "Kai dai ajiye." Na san amsar, shi ya sa ban sake tambaya ba. Daga baya ya bayyana mini: wayoyin yanzu wasu ba sa kashuwa sai da lambar sirrin mai su, kuma ana iya ganin inda suke a taswira. Amma in suka shiga jaka, sun zama gawa har a tsallaka iyaka da su.

Satata ta farko ko tashi daga kujera ban yi ba. Wani mutum ya zo gwajin riga, ya manta wayarsa a kan benci. Na jefa ta jaka, na sa a aljihu. Ya dawo yana haki, na ce ban gani ba. Ya ari waya ya kira a gabana, tasa tana jikina, ba ta ce uffan ba. Ba zan ɓoye muku ba, wani daɗi na ji, kamar na fi kowa wayo a garin nan. Daɗin nan shi ne gubar.

Sai na ɗinke jakar a cikin aljihun rigata. Ranar kasuwa in rufe rumfa in shiga cunkoso, yau nan Matameye, gobe Kance. Ni ke ɗauka, Sallau ke fita da su. Kusan shekara muna haka, mutane na gaishe ni da mutunci.

Yadin ya zo ƙarewa, sai na harhaɗa guntaye na yi sabon aljihu. A matsayina na tela na san mahaɗin yana son ninki biyu, amma ina sauri, na yi masa ɗaya.

Ran nan kasuwarmu na ci. A tasha akwai wani dattijon direba, Baba Sani, mai tsohuwar motar da ake kira in za a kai marar lafiya likita daga ƙauyuka. Ya ajiye wayarsa a kan dakali yana alwalar azahar. Na wuce, ta wuce tare da ni.

Da ya farga, har ni na taya shi nema! Na ce, "Baba, faɗi lambar in kira." Na kira, shiru. Ya dafe kai ya ce, "Ɗana, ba wayar ce ta dame ni ba. 'Yata Hadiza tana Kurni da tsohon ciki, mijinta ya tafi cirani. In abu ya taso, ni za a kira."

Na ji shi da kunnena. Hannuna har ya kai bakin aljihu, tsoron kunya ya mayar da shi. Na zauna wurin mai shayi ina kallonsa yana kai da komo wajen awa biyu.

Na sunkuya ke nan zan gyara takalmi, sai ɗinkin nan ya buɗe. Kowa a tashar ya san ƙarar wayar Baba Sani, carar zakara ce. Sai ga zakara yana cara a aljihuna dab da la'asar! Kowa ya juyo kaina. Na danne aljihun da hannu biyu, zakara bai fasa ba. Wani kamasho ya damƙi wuyan rigata, wani ya yage aljihun.

Baba Sani ko kallona bai yi ba. Ya fizgi wayar ya kara a kunne. Daga inda nake ina jin muryar tsohuwa tana ihu: tun azahar suke kira, naƙuda ta zo da gardama, sun ɗora Hadiza a amalanke. Ya faɗa mota ya ba ta wuta. Ni kuwa duka ta ko'ina, da jandarmomi ba su iso ba da ban rubuta wannan ba. Suka bincike rumfata, suka tono wayoyi a ƙarƙashin keke. Sallau ya ji labari ya tsere, har yau ban sake ganinsa ba. Alƙali ya yanke mini shekara biyu.

Gidan kaso ba wurin da zan so wa maƙiyina ba ne. Ga zafi, ga cunkoso, ga ƙuraje. Matata ta kwashe yara ta koma gidansu. Mahaifina ya daina zama majalisar ƙofar masallaci. Amma abin da ya fi cin raina, ban san me ya sami Hadiza ba, kuma ina tsoron tambaya.

Wata na biyar aka ce ina da baƙo. Baba Sani ne. Na durƙusa a gabansa. Ya ce ya tarar da amalanken a hanya, Hadiza ta haihu a gindin gawo. Jaririyar ta rayu, amma uwar ta zubar da jini sosai, ta yi makonni a kwance a asibitin Damagaram. Ya ce, "Nawa haƙƙin na yafe. Nata kuwa ba ni da iko da shi."

Ran da aka sake ni, kafin in je gida Kurni na nufa. Na yi sallama a zaure, na faɗa wa surukar Hadiza ko ni wane ne. Can sai na ji muryar Hadiza daga bayan ƙofa.

Ta ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Da Baba yake cewa ina da tsohon ciki, ka ji shi?"

Na so in ce ban ji ba. Na ce, "Na ji."

Har na fidda rai. Sannan ta ce, "Ya faɗa mini kana tsaye kusa da shi. Da ka yi mini ƙarya, da ban yafe ba. Je ka, na yafe maka don Allah."

Da ƙafa na kamo hanyar gida, ina kuka ina dariya, masu kabu-kabu na tsayawa suna tambayata ko lafiya. Na tuba ga Allah, na bi waɗanda na iya tunawa ɗaya bayan ɗaya ina neman gafara. Wasu sun yafe, wasu sun kore ni, kuma suna da gaskiya. Matata ta dawo bayan wata huɗu.

Ƙannena, jakar nan ba ta da laifi, don tsaro aka yi ta, ni na mai da ita kayan sata. In aboki ya ba ku abu ya ce ku ajiye kada ku tambaya, ku mayar masa a nan take. In kun tsinci waya, ku bar ta a kunne, ku amsa kiran farko. Kowace waya akwai wani a wani gari da ya dogara da ita, kuma ba ku san ran da zai kira ba.