Agogon Sarkin Latti

A ofis kowa Baban Tagwaye yake ce masa, alhali 'ya'yansa ɗai-ɗai suka zo duniya. Tagwayen nasa na'urori ne. Ɗaya tana ƙasan bene, a ɗakin da sanyinsa ya sa shi yawo da rigar sanyi ko ana narkewa a waje. Ɗayar tana ƙetaren gari, a wani tsohon gini bayan tashar mota. Cikin kowacce akwai kwamfutoci marasa jiki, suna zaune kamar 'yan haya a gida ɗaya. Duk abin da ma'aikata suka rubuta a ta nan sai ya kwafu a ta can, don in gobara ta ci wannan, waccan ta karɓi aiki. A kan wannan kwafin ya yi furfura.

Ba shi kaɗai ya reni tagwayen ba. Ɗakin ƙetare na abokinsa ne, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Latti. Tare suka ja wayoyin farko suna samari, suna rarrafe ƙarƙashin tebura, suna musu a kan wanda ya haɗa ta baibai. Bara Sarkin Latti ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Aka ɗauke kujerarsa, aka goge sunansa daga na'ura, aka ba wani makullinsa. Ofis dai ba ya zaman makoki.

Wata safiya, bayan an sabunta manhaja, kwafi ya tsaya cak. Shugabar sashen ta leƙo ɗakin sanyi.

"Baba, yaya ake ciki? In wani abu ya faru yau, ba mu da madogara fa."

"Ranki ya daɗe, a ba ni zuwa azahar."

Ya duba layin da ya haɗa su, lafiya lau. Ya duba ko wurin ajiya ne ya cika, da sauran fili. Ya sake kalmar sirri, a banza. Tagwaye suna ganin juna, amma kowacce ta ƙi amsa sallamar 'yar'uwarta. Da abin ya ishe shi, ya hau bas ya tafi ƙetare.

Yana kunna allon can, idonsa ya faɗa kan agogon da ke kusurwa. Ya dubi na hannunsa. Na na'urar ya yi gaba da minti goma.

Ya yi dariya har ya dafa bango. Aikin Sarkin Latti ne! Haka yake tura kowane agogo gaba, na hannunsa, na motarsa, har na wayar matarsa, wai don ya daina makara, kuma bai taɓa dainawa ba. Tsohuwar manhaja mai kawaici ce, ta yi shekaru tana kau da kai. Sabuwar ba ta san shi ba, ta ga lokaci bai zo ɗaya ba, sai ta rufe ƙofa.

Sai dariyar ta ɗauke. A duk ginin nan, wannan minti goman ne kaɗai abin da ya saura daga hannun abokinsa, kuma gyaran yana nufin shi da kansa zai share shi. Kewa ta taso masa. Ya ja wani kwali ya zauna, hannunsa a kan madannai, ya kasa dannawa.

Waya ta yi ƙara. Shugabar ce.

"Baba, an gano?"

"An gano. Agogo ne."

"Agogo kawai? To a gyara mana."

"Yanzu kuwa."

Ya danna. Agogon ya ja baya, jan allon ya koma kore, kwafi ya ci gaba da tafiya kamar ba a taɓa tsayawa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya share ido da hannun rigar sanyinsa.

"Kai dai ba ka da kirki," ya ce a hankali. "Ba inda ka taɓa zuwa da wuri, sai wurin tafiya ka riga ni."