"Da Sauƙi" da Ya Kusa Cinye Ƙafafun Baba

Ban da tabbacin cewa komai ya faru bi da bi yadda zan faɗa, domin hankalina ba a kwance yake ba a lokacin. Ban daɗe da gama digiri a fannin sinadaran jikin ɗan Adam ba, ina zaune a gidanmu da ke Nassarawa GRA ina jiran aiki. Ni kuwa mutum ne mai yawan fargaba, ko alheri na gani sai na nemi inda zai ɓaci.

Baba, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya daɗe yana fama da ciwon baya. An shafa man zafi, an yi gashi, har mai ɗori aka ɗauko daga unguwar Gama, kafin gwajin asibiti ya nuna kansar ɓargo ce, wadda likitoci suke kira mayeloma. Da likitarsa ta yi bayanin allurar da za a fara masa, sai na tuna wani darasi da na haddace don jarrabawa kawai. Kowace ƙwayar halitta tana da abin da yake niƙe furotin da ya lalace. Masu bincike sun ƙarar da shekarunsu a kansa, har aka gano cewa in an toshe shi, ƙwayoyin wannan kansa, da yake sun fi sauran tara tarkace, su ne suke fara shaƙewa. Toshewar nan ita ce aikin allurar. Na maimaita wa Baba iya fahimtata. Ya yi dariya, ya ce wato an sa masu kwashe shara yajin aiki ne don unguwar ɓarayi ta tashi.

Maganin ya karɓe shi, ya koma cin tuwo, ya koma jam'i. Wata rana muna tafiya azahar takalminsa ya zame, ya ci gaba da taka kwalta mai zafi bai sani ba. Na nuna masa, don na karanta cewa allurar tana iya taɓa jijiyoyin ƙafa. Baba ya ce kada in kuskura mahaifiyata, Hajiya, ta ji, wanda Allah ya dawo masa da rai ba ya raki a kan tafin ƙafa. Na yarda, ba don biyayya kaɗai ba. Tsoro nake kada likita ta dakatar da allurar, kansar ta dawo. Duk zuwanmu asibiti in likita ta tambaye shi jiki, sai ya ce da sauƙi, kamar yadda yake amsa wa masu dubiya. 

Ruwan alwala ne ya tona mu. An kawo masa shi da zafi ba a sirka ba, ya wanke ƙafa bai ji ba, fatar ta tashi. Hajiya ta tsare ni, ta ce to likitan gida, ashe digirin na ɓoye ciwo ne. Washegari na zayyana wa likita komai. Ta yi mini faɗa, sannan ta ce ba a yar da magani saboda wannan. Ta rage adadin, ta tsawaita tazara, ta koma yi masa a ƙarƙashin fata maimakon jijiyar jini. In na fahimce ta daidai, da mun ƙara jinkiri da wuya ya sake tafiya da kansa. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ina hamdala ba.

Yau Baba da ƙafarsa yake zagaya gida, ko da yake yatsun ba su gama farfaɗowa ba, wataƙila ma ba za su gama ba. Ni ba likita ba ne, amma ina roƙon masu jinya: a bar wa masu dubiya "da sauƙi", likita kuwa a gaya masa gaskiya, komai ƙanƙantarta. 'Yan uwana da suka shaida wannan jinya, in kun ga inda na yi kuskure, ku aiko wa mujallar nan da gyara.