Gyalen Umma a Cikin Bokitin Jibis

A lokacin ina 'yar shekara ashirin, haifaffiyar unguwar Mahjar a ƙasa mai tsarki, mai rawar kai da ganin na fi kowa wayewa a gidanmu. Babana mai aikin jibis ne, farar hodar nan da ake damawa ta daskare, shi ke yi wa silin manyan gidajen unguwar Abhur ado. Da na samu gurbi a jami'a na ce masa tarihi nake karantawa. Ban yi ƙarya ba, amma na haɗiye rabin maganar: tarihin zane da sassaƙa ne, kuma a shekarar mutum-mutumin Turawan ƙarni na goma sha bakwai muke karantawa, salon da ake kira Barok. Na riga na yanke wa Baba hukunci a raina, cewa ranar da ya ga hotunan zai ce gumaka ne, shi ke nan, karatu ya ƙare. Don haka a ƙarƙashin katifa nake ɓoye su.

Sai malamarmu ta ba ni aikin da zan gabatar a gaban aji: in bayyana yadda masassaƙan suka sa mayafin dutsen marmara ya zama kamar iska na kaɗa shi. Wallahi na yi hadda har kaina ya ɗau zafi, ban gane komai ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na baza hotunan a tabarma ina ta tsaki, ban ji shigowar Baba ba. Ya ɗauki guda, ya ɗora babban yatsansa a kan fuskar matar da ke jiki, ya daɗe yana kallon sauran. Can sai ya girgiza kai ya ce lallai masassaƙin nan ya san aikinsa. Ya ce shi ba ya yin fuska kuma ba yanzu zai fara ba, amma yadi ai yadi ne. Ya nuna min ashe inuwa ce ke ruɗin idona: an rarake ƙarƙashin kowane ninki sosai don duhu ya zauna a ciki, haske kuma ya hau bakinsa.

Ya ce yalla, maza in ɗauko tsohon gyalen Umma. Ya dama jibis a bokiti, ya tsoma gyalen, ya rataya a igiyar shanya, ya sa ni riƙe fanka har ya sandare a karkace. Umma na ta faɗa a kan gyalenta, mu kuwa dariya har da hawaye, duk mun yi fari fat. Gyalen nan na kai aji. Na kashe fitila na haska shi da waya ta gefe, malama ta miƙe tana tafi. Da ta tambayi wanda ya koya min na ce babana ne, kuma ban taɓa jin daɗin wata amsa kamar wannan ba.

Na dawo da labari ya yi ta murna, sannan ya tambayi tun yaushe nake wannan karatun. Na ce wata bakwai. Ya ce da ya sani da kullum ya dawo daga aiki da abin da zai nuna min. Kunya ta rufe ni.

'Yan'uwana ɗalibai, musamman mu da iyayenmu ke aikin hannu, kada ku amsa tambaya a madadinsu alhali ba ku yi musu ita ba. Ni dai alhamdulillahi ban rasa karatuna ba. Abin da na rasa shi ne wata bakwai na hira da babana, kuma babu jami'ar da za ta maido min da su.