Dawar da Ke Saman Murhun Iya

Gwangwanin masara ne ya tayar min da wannan zance. Talatar da ta wuce na je food bank ɗin da ke wani coci a nan unguwar Moss Side ta ƙasar Turawa, inda ake raba abinci ga waɗanda zama ya yi wa tsanani. Kuɗin karatun maigidana ya maƙale a gida tun kafin sanyi ya shigo, council, wato ƙaramar hukuma, kuma ta rufe wurin yaran da nake kai ɗiyata ta ci abincin rana. Tsohuwar da ke rabon ta zuba min taliya da wake da ganyen shayi a leda, sannan ta ɗora gwangwani ɗaya a kai. Hoton masara rawaya ne a jikinsa, daga ƙasa kuma ga 'yar tutar Amurka. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan tutar na san ta tun kafin in iya rubuta sunana. Na tsaya ina kallonsa har matar ta tambaye ni ko lafiya.

Idan ka taɓa zama a ƙauye, ka san abin da ake kira iri. A gidanmu farfarar dawa ce, wadda kakana ya ce daga kakansa ta gangaro. Kowace shekara kafin a sa lauje a gona, shi kaɗai zai shiga da 'yar wuƙarsa, yana bin kara ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa zangarniya yana sakinta, har ya zaɓi waɗanda suka kwanta masa a rai. Ya ɗaure su ya kawo wa kakata, wadda muke ce wa Iya, ita kuma ta rataye su a saman murhu cikin madafa, hayaƙi yana korar ƙwari. Har yau ina jin wannan ƙamshin, hayaƙin kara da daddawa da ƙasar bango. Komai za ka taɓa a gidan nan a yi maka faɗa a bari, ban da wannan damin. Ko kaza ba a bari ta ɗaga kai wajensa.

Wata bazara sai ga mota fara a ƙofar mai gari. Turawa biyu ne da tafintansu, ɗan birni mai agogo. Aka ce mutanen Amurka ne, sun zo taimako. Suka sauke buhunan irin masara da na taki, kowane buhu da tutar nan a jikinsa, kuma kyauta. Mu yara muka bi motar da gudu, aka ba mu alewa. Babana da ƙaninsa suka karɓo nasu suna murna. Kakana ya juya ƙwayar a tafin hannunsa, ya ga an shafe ta da wani jan magani.

"Turawan da na sani da bindiga suka zo, suka ce ƙasar tasu ce," in ji shi. "Waɗannan ban ji sun ce komai ba. Shi ne abin da ya dame ni."

Duk da haka ya ba su rabin gona. Masarar kuwa ta yi abin da ba a taɓa gani ba a garinmu. Kara ya fi babana tsawo, goyo bibbiyu, kowanne kamar damtsen mutum. Rumbu ya cika har aka zuba saura a ɗakin baƙi. Mutane suka riƙa yi wa kakana tsiya a bakin masallaci, wai tsufa ya sa shi tsoron arziki. Da shekara ta kewayo, babana ya nace a ba masara gonar duka, kamar yadda kowa a gari ya yi. Kakana ya gaji ya yarda. Ya shiga rumbu ya zaɓi mafi kyawun masarar nan don iri, yadda ya saba yi wa dawa, don mu abin da muka sani ke nan: abin da ya yi kyau bana, shi ake ajiyewa don baɗi. Aka sauke damin dawar aka daka aka ci. Zangarniya kaɗan kakana ya ce a bari a saman murhu, ko don gaba.

Ruwa ya sauka lafiya a waccan daminar, ba za a ce laifinsa ba ne. Amma masarar ta fito wani dogo wani gajere, ganye rawaya tun tana ƙarama, ka ɓare goyo ka ga 'yan ƙwayoyi a warwatse kamar bakin tsohuwa. Da tafintan nan ya dawo, babana ya tare shi a gaban jama'a. Mutumin ya yi dariya.

"Haba malam, ai wannan ba a ajiye shi. Duk shekara sabo ake saye, da takinsa. Yana nan a rubuce jikin buhu."

Da Turanci aka rubuta. Buhun kuwa tuni Iya ta ɗinke shi ta yi labule.

Yunwar da ta biyo baya ba na son yawan tuna ta. Muka ci tafasa da rama har cikinmu ya ƙi. Sai motar ta sake zuwa da wasu buhunan, tuta iri ɗaya, wannan karon garin masara ne rawaya. Aka jera mu a filin makaranta, kowa da ƙwaryarsa, ana ɗaukar mu hoto. Kakana bai taɓa shiga layin ba. Yana zaune a zaure, in an kai masa tuwon ya ci loma biyu ya ture.

Ni kuma zazzaɓi ya kwantar da ni, duk abin da aka ba ni na garin nan sai ya dawo. Wata safiya na ji ƙarar turmi, na ɗaga kai ta ƙofar madafa, na ga igiyar saman murhu tana lilo babu komai. Kakana ya shigo ya tsaya.

"Me kike dakawa?"

"Abin da ka gani," in ji Iya, ba ta tsayar da taɓarya ba. "In ka shuka ta, me yarinyar nan za ta ci?"

Da aka dama kunu, kakana ya zo ya zauna kusa da ni. Shi ya riƙe min kai na sha kunun. Daga baya ya samo dawa a kasuwa ya shuka, amma har ya rasu yana cewa ba ita ba ce.

Maigidana tarihi yake karanta a jami'a. Ya taɓa ba ni labarin yadda Amurka ta fara miƙa ƙafa waje, ta tura jiragen yaƙi ta kama tsibirai masu nisa, ta ce wa mutanensu taimako ta zo yi, daga baya ta gane ba kowane wuri ke buƙatar soja ba. Na ce masa wannan ɓangaren na san shi. Da muka je Birmingham wajen yayansa likita, na kawo labarin a kan abinci. Ya aje cokali ya ce, "Amarya, iri mai kyau aka kawo muku, rashin karatu ne ya cuce ku." Shi ɗansa ma Amurka yake son tura shi karatu. Na ci gaba da cin abincina, a gidansa muke, shinkafarsa muke ci. Amma a mota hanyar dawowa na yi ta tunanin tsohon da zai shafa zangarniya ya faɗa maka abin da za ta haifa.

Yanzu an ce a garinmu ba wanda ke rataye komai a saman murhu. Kowa shago yake zuwa idan ruwa ya kusa. Ɗiyata kuma muryar 'yan katun ɗin Amurka take kwaikwayo, in na yi mata zancen dawa sai ta tambaye ni ko wani irin popcorn ne.

Kwana uku gwangwanin yana kan kanta, na juya tutar ta fuskanci bango. Jiya taliya ta ƙare, yarinyar ta dawo daga makaranta tana cewa cikinta na ciwo. Na ɗauko shi na buɗe, na ɗumama mata. Ta cinye tas, ta tambaye ni ko za a ba mu wani Talata mai zuwa. Na ce mata za mu je da wuri.