Kaset ɗin Kaboyi na Babanmu

Shekara biyu ke nan ban sake taka shagon mutumin nan na unguwar Tompkinsville a New York ba, kuma har yau idan na tuna murmushin da ya tarbe ni da shi sai raina ya ɓaci.

Babanmu mai fassara fim ne a zangon Kumasi. A gidan bidiyo yake aiki, rumfar kwano da benci, ya zauna gefen talabijin da makirufo, ya rage sautin fim ya zuba nasa. Finafinan kaboyi na Italiya su ne gwanintarsa, irin waɗanda ake harbi ana barkwanci, a harbe wa mutum hula ya bi ta da gudu, a kifa wa ɗan fashi mari ya faɗa kwamin dawaki. Turancin Baba bai taka kara ya karya ba. Yakan ce ai su ma 'yan wasan ɗora musu Turancin aka yi, a dubi bakinsu, motsin daban maganar daban, don haka shi ma yana da ikon ɗora musu Hausa. A bakinsa sai ka ji kaboyi yana cinikin goro da bindiga a hannu.

Kafin rasuwarsa yayana ya haɗa bidiyo biyu ya naɗi fim guda da muryar Baba a kai. Duk duniya ba mu da muryarsa sai a nan. Da zan taho New York, Mama ta naɗe kaset ɗin a ɗankwali ta miƙa mini.

A unguwar Tremont na zauna ina aikin kula da tsofaffi. Injin bidiyon da nake kallon kaset ɗin da shi ya mutu, kaset ya fara fumfuna a cikin durowa. Wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wani mutumin Nijar da ke juya kaset ɗin biki zuwa filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta ko talabijin. Ranar hutuna na hau jirgin ƙasa, na hau na ruwa zuwa St. George, na ƙarasa shagonsa a Tompkinsville, inda yake haɗawa da sayar da atamfa.

Na tarar da wasu mata biyu 'yan zangonmu suna zaɓen atamfa a ciki. Su a saninsu ni 'yar wani Alhaji ce, ɗan kasuwa. Ni na bar su a haka tun zuwana, don a wurinmu aikin gidan bidiyo ba abin faɗa ba ne a gaban mutane. Da mai shago ya tambaye ni, “Hajiya, na biki ne?” sai na ce, “A'a, wani tsohon fim ne kawai.” Ya ce ko ina son a maido mini da kaset ɗin, na ce abin da ke ciki nake so. Na faɗi haka ne don in samu in fita da wuri.

Bayan mako guda na koma. Ya taso da fara'a, filas a tafin hannunsa.

“Hajiya, kado na yi miki, kyauta ce. Wannan naki duk ya lalace, hoto na rawa, ga wani tsoho na ta surutu a kai, ba a jin komi. Na samo miki orijinal a intanet, fes.”

Na ce, “Malam, ina kaset ɗina?”

Ya ce mai fumfuna ba ya ajiye shi, yana kashe mashin. Tun ranar Talata motar shara ta kwashe.

Ban san ina da irin bakin nan ba sai ranar. Na tambaye shi wa ya aike shi. Na ce juyawa na kawo, ba gyara ba, kuma tsohon da ke surutu ubana ne, ya rasu. Ya dafe ƙirji yana salati, yana cewa da na faɗa masa ko da kalma ɗaya ce, wallahi da da hannunsa zai goge zaren kaset ɗin ya juye mini. Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai, don gaskiya ce. Amma ko yanzu ban wanke shi ba. Mutum ya ji ana Hausa a kan fim ɗin Italiya, a tsakiyar New York, bai tsaya minti biyu ya ce wannan kuwa wane ne ba? Waya ce ba shi da ita? Lambata na nan a takardar da ya manna wa kaset ɗin da kansa.

A jirgin ruwa na so in wurga filas ɗin cikin teku. Ban wurga ba. Ina ta zagin mai shago a zuciyata, sai in juyo kan matan nan biyu, waɗanda ba su yi mini komai ba sai zaɓen atamfa, daga nan in dawo kan kaina. Mutumin da ya ciyar da mu da maƙogwaronsa, ni na ji kunyar in ce nawa ne.

Da na isa gida 'yata na nan, ta dawo daga kwaleji. Tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, kuma rabonta da kaset ɗin tun tana ƙarama. Na sa filas a talabijin, na kashe sautin gaba ɗaya, na ce ta zauna in yi mata yadda kakanta yake yi. Hoton ya fito tas, har gashin bakin kowa ana ƙirgawa. Na fara da ƙarfina, ta yi dariya sau biyu. Aka zo wurin da wanzami ya ɗora wa shugaban 'yan fashi aska a wuya, wurin da duk rumfa takan kwashe da dariya. Na tsaya ina jiran maganar Baba ta zo mini.

Ta juyo, ta lallaɓo Hausarta ta ce, “Mama, me Kaka ya ce a nan?”

Na mayar da fim ɗin baya har sau uku. Bakin wanzamin yana ta motsi, ni kuwa na manta.