Malamin da Ke Soke Sunansa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina gaban allo ina koyar da 'yan aji biyu, sai babbar 'yarka ta kira ni. "Yaya, Baba ya cika," ta ce. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Na sallami ɗalibai na zauna a bakin tebur.

Malam, shekara talatin da ɗaya ka yi kana koyar da ilimin tattalin arziki. Na zo hannunka ina neman digiri na biyu, ko tambayar bincike ban iya tsarawa ba. Kai ka riƙa tura mu kasuwa da littafi, mu tsuguna gaban masu awo mu ji yadda farashin hatsi ke hawa da sauka. Wanda ya dawo da takalmi fes, sai ka dube shi ta saman tabarau ka ce, "Kai dai a inuwa ka yi naka binciken." Jan Biro muke kiranka a bayan ido, saboda babu shafin da ya taɓa fita ofishinka bai sha ja ba.

Amma akwai ɗabi'arka guda da ta hana ni sukuni yau. Duk maƙalar da ka rubuta tare da ɗalibi, in an zo aika ta mujalla, sai ka soke sunanka. Ranar da ka yi wa tawa haka na yi gardama, domin kai ka gina lissafin da ke riƙe da aikin, ni bayanai na tattaro. Ka ce, "In sunana yana sama, ba mai ganin naka." Maƙalar nan ita ta samo mini aiki, ita ta kai ni matsayin da nake. Masana sun ambace ta fiye da sau ɗari huɗu, kuma kowane ambato da sunana ni kaɗai.

Kwana tara da rasuwarka, takarda ta zo daga hukumar jami'a. Za a duba cibiyar nazarin kasuwanni da ka kafa, a ga ko ta cancanci a bar ta. Ma'auni biyu ne: sau nawa aka ambaci aikin shugabanta, wato kai, kuma da masana nawa ya yi rubutu. Ma'aikaciyar ɗakin karatu ta buga sunanka a kwamfuta ina tsaye a kanta. Maƙala shida suka fito, da abokin rubutu ɗaya, shi ma ya daɗe da rasuwa. Ta juyo ta ce, "Dakta, ko dai na yi kuskure wajen rubuta sunan ne?" Ba ta yi kuskure ba.

Tsoro nake ji, Malam, kuma ba zan ɓoye maka ba. Mutum takwas ke cin abinci a cibiyar nan. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis, kuma abu ɗaya ne zai sauya musu ra'ayi: su ga daftarin farko na maƙalunmu, masu ɗauke da rubutun hannunka. Mu sha ɗaya ne ka yi wa wannan alheri. Na kira sauran goman, uku suka ɗaga waya, ɗaya ya ce, "Ɗan'uwa, ina da iyali." Ban ga laifinsa ba. Wanda ya fito ya ce rabin aikin da aka ɗaukaka shi a kai na wani ne, ana iya rage masa muƙami, ana iya sallamarsa. Har yanzu ban iya faɗa wa maiɗakina ba.

Na san da kana nan za ka hana ni. Ka yafe mini, na ciro daftarina daga akwati, kuma da shi zan shiga.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya rubuta maka ladan duk abin da ka ɓoye. Mama, uwargidan Malam, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya haɗa kan 'ya'yanku. Na zo yi muku gaisuwa ne, amma ni ma ina da roƙo: ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, ku sa ni a addu'a, kada in kai bakin ƙofar in juyo.